Motata tana gurza, makanike ya rasa inda ƙarar take: tambayoyi da amsoshi ga masu motocin gudu

Waɗannan tambayoyi ne da masu motocin gudu ke yawan yi, irin motocin nan masu ƙofa biyu da ke kwance da ciki a ƙasa: Mustang, Camaro, Nissan 350Z, Toyota 86, Mazda MX-5, Porsche Boxster da 911 da danginsu. Yawancin waɗanda ke zuwa hannunmu sun riga sun sha hanya a Amurka ko Turai kafin su sauka Legas ko Kwatano, kuma don kwalta mai santsi aka ƙera su. Mu kuwa sai mu shigar da su lungun unguwa, ga tsakuwa, ga rami, ga tudun rage gudu a ƙofar kowane gida. Don haka ƙara ba baƙuwarsu ba ce. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne canke: a sauya wannan, a sauya wancan, a biya, a fito titi, ƙara tana nan daram.

Ina jin gurza amma na rasa daga ina take fitowa. Ta ina zan fara?

Ka bar neman inda take tukuna. Kunne maƙaryaci ne a cikin mota, balle irin waɗannan da kake zaune kusan a kan ƙafar baya, ga kamfani ya rage kayan toshe ƙara don kada mota ta yi nauyi. Ƙarfe yana ɗaukar ƙara ya kai ta wani wuri, abin da ke gurza a baya ta hagu sai ka rantse a gaba ta dama yake. Tambayar da za ta kai ka gaci ita ce: ƙarar nan me take bi?

Ka samu hanya mai kyau wadda babu cunkoso, da sassafe ya fi. Kashe rediyo da na'urar sanyi, sauke gilasai. Fara da mota a tsaye, inji yana silo, ka ɗan ba ta wuta. In ƙarar tana hawa da sauka tare da inji, ƙafafu da birki sun fita daga zargi, aikin yana ƙarƙashin bonet ko a salansa. In shiru, ka tashi mota ka kai kamar kilomita 40 a awa, ka sa ta a firi ka bar ta ta gangara da kanta. Inji ya koma silo amma ƙara tana nan tana bin gudun mota? To abu ne mai juyawa tare da taya. Daga nan ka ɗora ƙafa a birki a hankali, ɗorawa kawai, ka ji ko ƙarar ta ƙaru, ko ta sauya murya, ko ta ɗauke. Sai ka karkata sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan kamar mai kauce wa ramuka. In mai giyar hannu ce, ka taka kuloci, ka saki, ka saurara. A ƙarshe ka gwada ribas.

In kana son sanin ɓangaren da take, ka bi gefen doguwar katanga a hankali, ka juyo ka sake bi da ɗayan gefen. Katanga tana dawo maka da ƙarar gefen da ke kusa da ita.

Kada ka kashe inji mota tana tafiya wai don ka ji da kyau. Birki zai yi tauri, sitiyari ma haka, a wasu motocin ma kulle kansa yake yi.

Akwai abin da ya kamata in duba kafin ma in fita gwajin?

Notin taya. Ka sa sifana ka taɓa kowanne, musamman in ba a daɗe da zuwa wajen mai faci ba. Tayar da ba a ɗaure da kyau ba takan fara da ƙara mai kama da gurza kafin ta yi abin da ba a fata. Kowace mota da ƙarfin ɗaurinta a littafinta, na Toyota 86 misali 120 Nm ne, kuma ɗaurin da yaro ke yi ya hau kan sifana da ƙafa biyu ba ma'auni ba ne.

Ƙarar tawa zuwa take yi tana ɗaukewa, shak, shak, shak. Wannan yana nuna wani abu?

Ƙwarai kuwa, har ƙirga ta za ka iya yi. Zagayen tayar irin waɗannan motoci kusan mita 2 ne. Ke nan in kana tafiyar kilomita 7 a awa, wato ɗan abin da ya fi tafiyar ƙafa, taya tana juyawa sau ɗaya a daƙiƙa. In ƙarar ma sau ɗaya take zuwa a daƙiƙa, abin yana jikin taya, ko rim, ko faifan birki, ko shaf ɗin da ke juya ƙafar: wuri ɗaya ne ke taɓa wani abu duk zagaye. In kuwa ta ninka haka sau uku ko huɗu, ka leƙa furofela, wato dogon sandan da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul na baya, don ita ta fi taya saurin juyawa. A Honda S2000 da Toyota 86 na farko, furofela tana yin zagaye 4.1 kafin taya ta yi ɗaya. Masu Porsche Boxster da irin 911 ɗin da ƙafafun baya kawai ke ja su huta da wannan lissafi, injinsu yana baya, ba su da furofela.

Lafiya lau na fita, ina dawowa sai ƙara kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Birki kuma yana kamawa yadda ya saba.

Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi min, don amsarta ta fi kowace araha. A bayan kowane faifan birki akwai wani siririn farantin ƙarfe da ke kare shi daga ƙura da ruwa. Tsakaninsa da faifan 'yan milimita ne kawai. Tsakuwa ɗaya ta faɗa wurin, ko farantin ya ɗan lanƙwashe saboda an buge shi wajen cire taya, shi ke nan, ƙarar da za ka ji sai ka ɗauka mota ta gama yawo. Motocin gudu sun fi kowa shiga wannan hali: faifansu babba ne, rim ɗinsu a buɗe yake, tayoyinsu kuma masu faɗi ne masu danƙo, suna kwasar tsakuwa suna watsawa ciki.

Ni kaina na ci wannan wuya da wata 'yar mota mai ƙofa biyu da na riƙe shekarun baya. Mun je ɗaurin aure wani ƙauye, hanyar burji ce, muka dawo da ƙara. Na kai ta gareji na ce a gaba ta dama nake ji. Makanike bai ko shiga motar ba ya ce, "Oga, boris ne." Aka sauya boris, wato zoben 'yan ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa, ƙara tana nan. Ya ce to fad ɗin birki ne. Aka sauya na gaba duka biyu, waɗanda aka cire ko rabi ba su ci ba. Kwana uku ina zarya. A rana ta huɗu wani dattijo da ke aiki a rumfar da ke kusa ya taso ya ce, "Alhaji, ja ta a hankali in bi ka." Ina tafiya yana bina a ƙasa, ya sunkuyar da kai, hannu a bayan kunne. Bai yi taku ashirin ba ya buga but da tafin hannu ya ce in tsaya. Ƙafar baya ta hagu ya sa yaro ya cire. Ya haska fitilar waya ta bayan faifai, ya zura sukudireba ya ɗan ɓanɓare farantin, sai ga wata 'yar tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa ta faɗo ƙasa, gefenta ɗaya ya goge sumul yana ƙyalli. Ya ɗauka ya sa min a tafin hannu ya ce, "Ga boris ɗinka nan." Kuɗin shayi kawai ya karɓa, shi ma sai da na matsa.

Alamarta: farat ɗaya take farawa, siririya ce mai kaifi, taka birki bai cika sauya ta ba, wani lokaci tana ƙaruwa a kwana. Kafin ka je ko'ina, ka ja mota ribas 'yan mita ka taka birki, ka maimaita sau biyu ko uku. Sau da yawa tsakuwar faɗuwa take da kanta.

To yaya zan gane fad ɗin birki ne ya ƙare?

Sabon fad kaurin namansa kamar milimita 10 zuwa 12 ne. Motocin Japan da na Amurka da yawa suna da wani ɗan harshen ƙarfe a jikin fad, in nama ya rage kamar milimita 2 ko 3 sai harshen ya fara taɓa faifai yana ƙiii. Da gangan aka yi shi, kiran sallah ne kafin lokaci ya fita. Abin da ke rikita mutane shi ne wani lokaci ƙarar tana zuwa ne kana tafiya, in ka taka birki sai ta ɗauke. Porsche da BMW da Mercedes kuwa waya suke sakawa, fitila ce ke kamawa a gabanka. Sai dai a motar da ta bi hannu da yawa, akwai masu haɗe wayar nan don fitila ta mutu, saboda haka rashin fitila ba shaida ba ce.

In nama ya ƙare gaba ɗaya, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Gurnani ne mai kauri duk lokacin da ka taka, kana jinsa a tafin ƙafa, faifai kuma ya yi zane-zane masu zurfi da farce ke maƙalewa a ciki.

Kada ka yarda da leƙe ta tsakanin rim. Fad na waje kake gani, na ciki kuwa shi ya fi saurin cinyewa in abin da ke matse faifan, wanda ake kira kalifa a gareji, ya fara cijewa. A cire taya a duba duka biyun. Kalifar da ta cije tana da wata shaidar: bayan tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane rim, kada ka taɓa faifai. Wanda ya fi sauran zafi, ko yake warin ƙauri, shi ne mai laifi.

Fad sabo ne, faifai lafiya, amma birki yana shuu ko ƙara da safe.

Wataƙila halinsa ne. Faifai mai huji-huji ko mai tsaga yana yin wata 'yar shuuu in an taka, haka aka yi shi. Fad ɗin da aka yi don filin tsere kuwa sai ya yi zafi yake aiki da kyau, a cikin gari da sanyin safiya ihu yake kamar tsohuwar tifa. In mai motar na farko a Amurka yana shiga fili da ita, mai yiwuwa irinsa ka gada. Ba lalacewa ba ce, amma in zirga-zirgar gari kawai kake yi, ka mayar da na titi ka huta da kallon mutane a danja.

Duk lokacin da aka wanke ta ko ta kwana a ruwan sama sai ta gurza.

Tsatsa ce. Faifan birki zubin ƙarfe ne, dare ɗaya ya ishe shi ya yi ja. Taka birki sau huɗu ko biyar zai share ta. In mota ta yi watanni a ajiye, ko ta daɗe a tashar jirgin ruwa, tsatsar tana iya yin tudu a bakin faifai inda fad ba ya kaiwa, tudun ya riƙa gogar wani abu. Wannan sai an kankare.

A baya ƙarar take, an duba fad an ce lafiya lau.

Ka tambaya ko an zare faifan baya an leƙa cikinsa. Motoci irin su Porsche, BMW, Nissan 350Z da Toyota 86 suna da wani ƙaramin birki a ɓoye a cikin cibiyar faifan baya, da lainin ɗinsa guda biyu da 'yan sifirin, shi ne birkin hannu. In lainin ya ɓalle daga ƙarfensa, ko sifirin ya karye, gutsuren sai ya yi ta yawo a ciki yana gurza, daga waje kuma ba abin da za ka gani. Masu jan birkin hannu mota tana gudu don ta juya ta tayar da ƙura a wajen biki, su ne manyan abokan cinikin wannan matsala.

Gwajinsa: a fili, kana tafiya a hankali sosai, ka ɗan ɗaga birkin hannu ƙas ɗaya ko biyu, yatsa a kan maɓallin. In ƙarar ta sauya, ka kama ɓarawo. Wannan na masu birkin hannu na sanda ne, mai maɓallin lantarki kada ya gwada.

Makanike ya ce boris ne. Yaya zan tabbatar kafin in biya?

Boris yana da muryarsa. Da gunji yake farawa, wuuu, kamar jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da giyar da kake ciki, ba ruwansa da inji. Sai ya yi nisa da lalacewa yake komawa niƙa. Babbar shaidarsa kwana ce: in ka karkata hagu nauyin mota yana komawa ƙafafun dama, in ƙarar ta ƙaru a lokacin, zargi ya fi ƙarfi a dama, in ta ragu ka dubi hagu. Na ce zargi, domin wannan gwaji yakan yi kuskure jefi-jefi.

Tabbaci sai an ɗaga mota. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, bai kamata ta motsa ba. Amma boris na iya lalacewa ba tare da ya yi wasa ba, don haka a ƙara da wannan: mutum ɗaya ya juya taya da ƙarfi, kai kuma ka riƙe sifirin ɗin shokozoba da hannu. Boris mai lafiya ba za ka ji komai ba. Marar lafiya za ka ji kamar yashi yana gudana a cikin tafin hannunka. Ka gwada ɗayan gefen don ka kwatanta.

Taya ma tana kwaikwayon boris. Tayar da ta cinye ba daidai ba, ta yi tudu da kwari a gefen ciki, gunjinta iri ɗaya ne. Motocin gudu kuma da ma ƙafafunsu a ɗan karkace suke, gefen ciki suke fara ci, inda ido ba ya kaiwa. Ka shafa da hannu. Ƙarar taya tana sauyawa in ka tashi daga wata kwalta zuwa wata, ta boris ba ta sauyawa.

Sai na karya kwana sosai, ko zan fita daga gida, nake jin ta.

Nan abubuwa huɗu ne ke kama da juna, sai an natsu.

Mafi yawa taya ce ke gogar robar da ke cikin madgad. Ka karya sitiyari har ƙarshe, ka fito ka leƙa: za ka ga wurin da robar ta goge ta yi sumul, ko ƙusoshin robar sun zube ta saki. In an sauke motar ƙasa, ko an sa taya mai faɗi fiye da tata, ko rim ɗin da lambar ET ɗinsa, wato ma'aunin yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje, ta bambanta da ta asali, to kusan an gama bincike.

In ƙas-ƙas-ƙas ce a jere kana kwana kana ba da wuta, kan shaf ne, ka duba robarsa ko ta yage ta watsa giris. Nissan 350Z da 370Z kuma an san su da wata ƙas guda ɗaya daga baya lokacin tashi ko shiga ribas. Galibi maganinta a zare shaf a shafa giris inda yake shiga cibiyar ƙafa, a sake ɗaurewa da ma'auni.

In daga baya ne kake jin gurnani da ɗan karkarwa a matsattsiyar kwana, ka tuna yawancin motocin nan suna da aksul mai riƙe ƙafafun baya biyu tare don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza, shi ake rubutawa LSD. Irin wanda ke da faifan kuloci a ciki, kamar na Mustang da yawa, yana buƙatar wani sinadari na musamman a cikin mansa. In an zuba masa man giya na gama-gari, ko man ya tsufa, faifan sai su riƙa kamawa suna saki. A sauya mai da irin wanda littafin motar ya ce, sannan a je fili a yi ta zagaye hagu da dama a hankali kamar sau goma don man ya ratsa.

Na huɗun ba ciwo ba ne. Faffaɗar tayar gaba in an karya sitiyari har ƙarshe takan yi tsalle-tsalle tana jan ƙasa, gur-gur-gur, musamman in roba ta yi sanyi. Masu Corvette da Porsche sun saba da shi. Da asubar hunturu za ka fi ji, rana na ɗagawa ya tafi.

Daga wajen mai balansin taya na fito da ƙarar.

A cire tayar a dubi cikin rim. Motar da ke da manyan kalifa, irin na kamfanin Brembo, tazarar da ke tsakanin kalifa da cikin rim kaɗan ce ƙwarai. In mai balansin ya manna dalmarsa daidai hanyar kalifa, duk zagaye sai ta taɓa. Za ka ga dalmar ta goge ko fentin kalifa ya kankare. A matsar da ita, magana ta ƙare.

Ina jin kamar tana jan wani abu a ƙasa, musamman in na yi gudu.

Ka durƙusa ka leƙa. Ƙarƙashin irin waɗannan motoci a rufe yake da faffaɗar roba don iska ta wuce sumul, kuma tsakanin cikinsu da ƙasa bai fi santimita 12 zuwa 14 ba, wasu ma bai kai ba. Tudun rage gudu ɗaya ya isa ya tsinke ƙusoshin gaba. A tsaye robar tana nan kamar lafiya, in ka yi gudu iska ta shiga ta danna ta ƙasa sai ta fara shara a kwalta. Shi ya sa makanike ba ya ganin komai a gareji. Ka ja ta da hannu ka ga ko tana saukowa. Kada ka yarda a cire a yar, yadda aka saba yi, tana kare inji daga tsakuwa da ruwa.

In ƙarar kacau-kacau ce irin ta gwangwani, tana zuwa a wani matakin wuta ta wuce, farantin da ke kare jikin mota daga zafin salansa ne ya saki. In kuma kamar tsakuwa a cikin gwangwani ce, a bari salansa ta huce a ɗan bubbuga tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi. In cikinta ya farfashe za ka ji yana kaɗawa.

Tudun kuwa a karkace ake hawansa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba birki a ƙafa lokacin da tayar gaba ke sauka. Kamfanonin ma sun san da matsalar: Corvette na 2020 zuwa sama ana iya sayensa da na'urar ɗaga hanci kamar santimita 4, har tana iya haddace wurare 1,000 ta ɗaga da kanta in an iso. A wasu unguwanninmu sai ta cike wannan adadi kafin a kai bakin titi.

Ƙarar tana da alaƙa da kuloci ko giya.

Mota a tsaye, giya a firi. In ƙarar tana zuwa ne lokacin da ka taka kuloci, ta ɗauke in ka saki, boris ɗin da ke tura kuloci ne. Toyota 86 da Subaru BRZ na shekarun farko an san su da wannan. In akasin haka ne, tana nan ƙafarka a sake, ta ɗauke in ka taka, to daga cikin giyabos take, galibi boris ɗin sandan da ke shiga daga inji. Sai dai in an sa wa motar filawil, wato faifan da ke tsakanin inji da kuloci, marar nauyi irin na masu tsere, giyabos yakan yi 'yar kaɗawa a silo, wannan ba komai.

Ƙurrr lokacin shiga giya ɗaya tak, misali ta biyu ko ta uku, zoben da ke daidaita gudun haƙoran giyar ne ya cinye. In kowace giya ce ke yi, har da ribas, kuloci ne ba ya saki sosai, a fara da duba mansa da famfonsa kafin a ce za a sauke giyabos.

Mota a tsaye ma tana yi, daga inji.

Yawanci ɗaya daga cikin abubuwan da fanbel ke juyawa ne: altaneta, famfon ruwa, kwamfiresan sanyi, ko 'yan fulin da ke riƙe bel ɗin. Ka kunna na'urar sanyi ka kashe, in ƙarar ta bi ta, an gane. In ba haka ba, makanike ya cire fanbel ya tayar da inji yana sanyi na ƙasa da minti ɗaya, don a yawancin motoci famfon ruwa ba ya aiki a lokacin. Ƙara ta ɗauke? A juya kowane fuli da hannu a nemo mai yashi. Tsohuwar dabarar dogon sukudireba, baki a jikin ƙarfe, ƙota a kunne, har gobe tana aiki, a dai kula da hannun riga da bel.

In an cire bel ƙara tana nan, a kashe inji, magana ta girma. A nan masu Porsche su buɗe kunne. Injinan M96 da M97 da ke cikin Boxster daga 1997, da 911 samfurin 996 da farkon 997, da Cayman na farko, har zuwa 2008, suna da wani boris a ƙarshen sandan da ke juya sarƙoƙin taimin, ana kiransa IMS. In ya watse, inji yake tafiya da shi. Maganar ta kai kotu a Amurka, aka yi sulhu a 2013 kan motocin 2001 zuwa 2005, waɗanda suka fi fama da shi. 911 Turbo da GT3 injinsu daban ne, kuma daga 2009 an sake inji an cire sandan gaba ɗaya. Sau da yawa boris ɗin ba ya yin wata doguwar sallama, saboda haka duk juyen baƙin mai a buɗe filta a baje takardarta a rana. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ka kanga maganaɗisu, in ya kama, kada a sake tayar da motar.

Kullum da safe in na tashi, sai ta yi gurr sau ɗaya ta yi shiru.

In sau ɗaya ne tak bayan an tayar da inji, daidai lokacin da mota ta fara tafiya, na'urar ABS, mai hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi, ce ke gwada kanta. Ba ta sake yi sai an kashe an kunna. Ka bar ta.

Da na isa gareji sai ƙarar ta ɓace, in ji kunya.

Ba kai kaɗai ba. Ka ɗauke ta a waya tun tana yi, ka riƙe a ka: gudun nawa, mota da zafi ko da sanyi, kwana ta wane gefe, mutum nawa ne a ciki. Ka sa makanike ya zauna a gefenka ku fita tare, kai ka tuƙa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kuma sani cewa mota a kan jak ba ita ce mota a ƙasa ba: ƙafafu sun sauko, nauyi ya tashi daga kan boris, abin da ke gogar juna ya rabu. Wasu manyan gareji suna da 'yan makirufo masu maƙalewa, a sa ɗaya a kowace ƙafa a fita titi ana saurara ɗaya bayan ɗaya. In babu, wata tsohuwar waya da aka ɗaure da kyau kusa da ƙafar da ake zargi tana ba da labari.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kada a ɗaga ƙafar baya ɗaya a sa giya a motar da ke da LSD. Ƙafar da ke ƙasa za ta ja, mota ta sauko daga jak kan duk wanda ke kusa. In za a juya ƙafafu da inji, a ɗaga duka biyun a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, ba a kan bulo ba.

Zan iya ci gaba da hawa kafin in samu lokacin gyara?

In ka gano da idonka roba ce ko farantin salansa, ka ɗaure ka ci gaba da harkarka. Amma ka ajiye ta a nemo motar ja in birki ya yi laushi ko yana fizgar ka gefe, ko ƙafa ɗaya tana zafi da wari, ko taya tana wasa in an girgiza, ko fitilar baƙin mai ta kama, ko ƙarar da jiya sai ka kasa kunne yau ta cika mota. Tafiya daga Abuja zuwa Kaduna da boris mai niƙa ba jarumtaka ba ce.

An tabbatar boris ne. In sayi na Beljiyam ko sabo?

Ƙofa, fitila, rim, har giyabos, na Beljiyam ba laifi, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ko Ladipo in an dace. Boris da fad kuwa kayan cinyewa ne, wanda aka ciro daga wata motar ya riga ya ci rabin ransa, sabo za ka nema. Kayan irin waɗannan motoci ba kasafai ake samunsu a kan kanta ba, sau da yawa sai an yi oda, don haka ka ba da lambar shasi mai harafi da lamba 17, kada ka tsaya a sunan mota da shekara. In irin boris ɗin da ake dannawa ne, a kai shi injin dannawa, wanda aka shigar da guduma ba ya daɗewa. Babban notin shaf ma a ɗaure shi da ma'auni.

In an gama, ka ce a ba ka tsohon a hannunka. Ka juya shi kusa da kunne. In ka ji yashi, madalla. In ka ji shi sumul kamar sabo, kada ka bar garejin sai kun sake fita titi kai da makaniken, gilasai a sauke.